Ƙas-ƙas a Amf ɗin Jita Mai Bawul: Yadda Ake Bin Diddigin Ƙarar Har a Kamo Ta

Amf ɗin jita mai bawul, wato na'urar ƙara ƙarfin sautin jita da ke aiki da kwalaben gilashi masu kama da kwan fitila, ba shi da yawa a Kaduna. An fi ganinsa wajen makaɗan coci a Barnawa, Narayi da Sabon Tasha, da wasu situdiyo, da ƙungiyoyin kiɗan da ake ɗauka biki. Yawanci na hannu ne, an sayo daga Alaba a Legas ko wani ya taho da shi daga waje, ya kuma kwana biyu kafin ya iso hannun mai shi na yanzu. Ƙorafin da aka fi yi a kansa shi ne ƙas-ƙas daga lasifika, wani lokaci da tas a tsakani, ko ana kaɗawa ko ba a kaɗawa. Da an ji haka sai a ce bawul ya mutu, a shiga neman wanda zai aiko da saiti guda. Kuɗi ne masu yawa, ga jiran makonni, kuma sau da dama a sa sababbin a tarar ƙarar na nan daram.

Sautin jita layi ɗaya yake bi: daga jita zuwa waya, zuwa jak, wato ramin da ake soka kan wayar, ya ratsa ƙananan bawul ɗaya bayan ɗaya, ya shiga manya, ya bi ta taransifoma ya fita lasifika. Duk ƙarar da ta shigo a wani wuri, matakan da ke gaba ne ke kambama ta. Aikinka shi ne ka gano ta ina ta shigo kafin ka sayi ko da rizisto ɗaya, ɗan abin nan mai rage gudun wuta. Za mu fara daga waje, inda ba kashe kuɗi ba haɗari, sannan mu shiga ciki.

Fara da kunne

Kunna amf da lasifikarsa a jone, amma ba tare da ka jona jita ko waya a gaba ba, ka zauna ka saurara na minti goma ko fiye. Gurnani mai kauri da ba ya tsayawa na wutar gari ne, mai bugu 50 a daƙiƙa, ko 100 idan manyan kafasito masu tace wuta sun gaji. Shuuu mai laushi da ke ƙaruwa idan an murɗa Gain halin amf ne. Wadda muke nema ita ce mai zuwa tana ɗaukewa ba tsari, kamar an jefa ƙosai a mai. Irin wannan kusan kullum abu ɗaya take nufi: akwai inda wuta ke bi tana katsewa, ko tana tsallakawa inda bai kamata ba.

Lokacin da take zuwa shi ne rabin amsar. Idan da kunnawa take farawa, bayan minti biyar ta lafa, ka sa ido kan bawul, soket ɗinsa, ko danshi. Idan sai amf ya ɗau zafi na minti 20 ko 30, zargi na kan dalmar da ta tsage ko rizisto da ya gaji, domin zafi ne ke buɗa tsagar. Idan sai an bugi tsirkiya mai kauri da ƙarfi, jijjiga ce ke motsa abin da ya yi sako-sako, ko lasifikar ce da kanta. Idan kuwa sai an murɗa wani bolum, to shi ne, ko kafasiton da ke gabansa.

Abubuwan da ba amf ba

Idan amf ya yi tsit ba a jona komai, ƙarar ta dawo da sa jita, ka bar amf tukuna. Canja waya da wadda ka tabbata lafiyayya ce. Tsohuwar kuma ka lanƙwasa ta kusa da kawunanta biyu ana sauraro, nan ne take karyewa ta ciki. Cire duk feda, wato ƙananan akwatunan canja sauti da ake takawa, jita ta shiga amf kai tsaye, sannan ka riƙa mayar da su ɗaya-ɗaya. Batirin bolt 9 da ya kusa ƙarewa, a feda ko a jita mai batir, yana sa sauti ya riƙa yagewa a ƙarshen kowane bugu. Girgiza kan waya a jak ɗin jita. Idan notin ya kwance, jak ɗin kan juya ya murɗe wayoyinsa har su tsinke.

Akwai wata da hunturu ke kawowa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Iska ta bushe, yatsu na gogar farantin robar da ke fuskar jita, sai ya tara irin wutar nan da ke tartsatsi a bargo da dare. Gwajin bai da wuya: goga yatsa a kan robar ba tare da ka taɓa tsirkiya ba. Idan ƙas-ƙas ɗin ya bi yatsanka, amf ba shi da laifi. A cire farantin a manna takardar alminiyum a bayansa, yadda za ta taɓa jikin bolum ɗin jita, wanda dama a haɗe yake da ƙasa, wato layin earth.

Sai wutar bango. Soket mai sako-sako, adafta a kan adafta, da igiyar ƙarin wuta mai araha duk suna tartsatsi ta ciki, amf kuma yana ji. Sitabilaiza mai rile tana yin tas a lasifika duk lokacin da ta canja mataki, kuma za ka ji ƙarar rilen a jikinta daidai wannan lokacin. Firji, injin ruwa, ko mai walda a layinku su ma haka. Wayar salula a kan amf tana da nata dit-dit-dit, a ɗauke ta. Hanya mafi sauƙi ita ce ka kai amf wani gida, ko ka gwada shi a wutar NEPA sannan a janareto. Ƙarar da ta bi amf duk inda ya je, tasa ce.

Tunda kana nan, auna wutar. Ta Najeriya bolt 230 ce a ƙa'ida, amma takan hau takan sauka. Hitar bawul, wato siririyar wayar da ke dumama shi ta ciki, bolt 6.3 take so, da rangwamen kashi 10 cikin 100 sama ko ƙasa. Amf da aka saita a 220, wuta ta zo 250, hitarsa ta haura bolt 7 ke nan, bawul kuwa ba ya daɗewa a haka. Idan akwai wurin zaɓe a baya, 240 ya fi kwanciyar hankali. Na Amurka bolt 120 ne, dole sai da taransifoma mai sauke wuta, kuma a nemi mai wat 500, domin amf mai wat 40 kan ja kusan wat 180 daga bango. Ƙafar fulogi ta uku, ta earth, kada a karya ta don ta shiga soket. Ita ce tsakanin makaɗi da wuta ranar da wani abu ya taɓa ƙarfen amf.

Bolum da jak

Idan ƙarar na nan ba a jona komai ba, maɓallan amf za su fara raba maka gardama. Mayar da Volume ko Gain sifili. Ƙarar ta ɗauke? Tana shigowa kafin wannan bolum, wato jak ɗin shiga ko rabin farko na bawul na ɗaya. Ba ta ɗauke ba? Gwada Master. Idan ya kashe ta, tana tsakanin su biyun. Idan bai taɓa ta ba, tana can gaba. A amf mai layi biyu, duba ko a ɗaya kaɗai take. Murɗa Treble da Bass ma: idan launin ƙarar ya canja, ta riga su shigowa. Kashe Reverb gaba ɗaya, idan ta tafi ka zare ƙananan fulogi biyu na tankinsa da ke ƙasan akwati, ka goge, ka mayar kowane inda yake.

Jak ɗin da aka rubuta Send da Return a baya sun fi kowa yaudarar mutane. A cikinsu akwai ɗan harshen ƙarfe da ke rufe hanya idan ba a sa komai ba, kuma duk sautin amf ta kansa yake bi. Wanda bai taɓa amfani da su ba shi ya fi shiga wannan matsala, domin ƙura da tsatsa sun samu shekaru suna taruwa ba abin da ke goge su. Ɗauki gajeriyar waya ka haɗa Send da Return. Idan ƙarar ta tafi, ka kama ɓarawon. Fesa mai wanke haɗin lantarki a kan fulogi, ka sa ka cire sau goma zuwa goma sha biyar a kowane jak. Wani gwajin kuma: sa jita kai tsaye a Return. Sauti zai yi ƙasa, amma idan ya fita ba ƙas-ƙas, sashen manyan bawul lafiya yake.

Abin wankewa shi ne DeoxIT D5 ko makamancinsa, ko isopropyl mai ƙarfin kashi 99. WD-40 na gama-gari, fetur da man keken ɗinki ba su da wuri a nan. Maiƙon da suke bari shi ƙurar hunturu ke nema. A bolum, ta ɗan ramin da ke kusa da ƙafafunsa ake fesawa, kaɗan, a murɗa daga ƙarshe zuwa ƙarshe sau ashirin. Wannan sai an buɗe amf, don haka ka karanta sashen "Kafin ka buɗe ciki" tukuna.

Lasifika

Doka ɗaya ba a karya ta: amf mai bawul ba a kunna shi ba lasifika a jone. Idan taransifomar fita ta rasa inda za ta sauke ƙarfinta, wuta mai tsananin yawa kan taso a cikinta ta huda rufin wayoyinta ko ta ƙone soket. Kashe amf kafin ka zare wayar lasifika, ka jona wani akwatin mai om daidai da abin da aka rubuta a baya, 4, 8 ko 16, da wayar lasifika ta ainihi, ba ta jita ba.

Idan ƙarar ta tafi a wancan akwatin, abu biyu ne: ko lasifikarka ta lalace, ko jijjigarta ce ke kaɗa wani abu a cikin amf. A kashe, sa yatsu kewaye da tsakiyar takardar ka tura a hankali, daidai wa daida. Idan ka ji gurzawa, nadin wayarta na gogar maganaɗisu. Duba siraran wayoyi biyu masu saƙa da ke zuwa takardar, da kilif ɗin da ke kan ƙafafunta. Lasifika mai om 8 takan nuna 6 zuwa 7 a mita, wannan daidai ne.

Bawul

Yanzu aka zo kansu. Cire murfin baya, ka kashe fitilar ɗaki, ka duba su suna aiki. Jan haske siriri a tsakiya hita ce. Shuɗin haske a jikin gilashi ba laifi ba ne. Abin tsoro shi ne babban ƙarfen da ke ciki, wato filet, ya yi ja jawur, ko walƙiya ta riƙa gilmawa daidai lokacin da lasifika ke tas. Ka ga ɗaya daga cikin biyun, kashe nan take. Duba kuma shafen azurfa da ke saman gilashi ko gefensa: idan ya koma fari fat, iska ta shiga, bawul ya gama aiki.

Nemi busasshen tsinken tsire mai tsawo wanda ba a yi amfani da shi ba. Fensir ba ya yi, bakinsa yana ɗaukar wuta. Ƙwanƙwasa kowane bawul a hankali. Ɗan ting daga na farko ba komai, shi ya fi kowa jin motsi. Wanda ya amsa da ƙas-ƙas ko doguwar ƙara shi ne abin zargi. Sannan ka ɗan tura kansa gefe da gefe: idan turawa ce ke ta da ƙarar, ba ƙwanƙwasawa ba, soket ne ko dalmarsa.

Gwajin da ya fi kowane amfani shi ne zare bawul don a raba amf gida biyu. Ƙaramin bawul na ƙarshe, wanda ya fi kusa da manyan, yawanci shi ke raba sauti ya ba kowane ɓangare nasa. A amf ɗin kamfanin Marshall mai lamba 12AX7 ne, a tsofaffin na Fender da yawa 12AT7. Kashe amf, bar shi ya huce, kama da ƙyalle, ka zare shi kana ɗan jujjuyawa a hankali, sannan ka kunna. Idan an yi tsit, ƙarar daga shi take ko daga waɗanda suka riga shi. Idan tana nan, tana sashen ƙarfi, wato na manyan bawul. In ta farko ce, mayar da shi ka zare na ɗaya, wanda ke kusa da jak ɗin shiga. Shiru? Matakinsa ne. Ba shiru? Mayar, zare na biyu, haka har ka kai wanda zare shi ke kashe ta. Sai dai a wasu amf an jera hitocin bawul a layi ɗaya, zare guda na kashe sauran, don haka ka duba ko ragowar na haske kafin ka yanke hukunci.

Gano mataki ba gano laifin bawul ba ne, nan mutane da yawa ke yin gaggawa. Sa lafiyayyen 12AX7 guda, wanda Turawan Turai ke rubutawa ECC83, a wannan gurbin. Idan babu, musanya shi da wani mai lamba ɗaya a cikin amf ɗin. Ƙarar ta canja ƙarfi ko ta koma wani layi, bawul ne, kuma guda ɗaya za ka saya. Ta tsaya yadda take, soket ne ko kayan da ke kewaye da shi. Ƙananan bawul ba sa bukatar saiti bayan canji.

Wanke soket kuwa, a kashe, a zare fulogi: fesa a ƙafafun bawul, ba cikin soket ba, ka sa ka cire sau biyar ko shida, ka bari ya bushe sarai. Wannan kaɗai na magance ƙas-ƙas mai yawa a garin da ƙura ke shiga ko'ina. Bawul da ke shiga soket ba wata turjiya, bakunan soket ɗin sun buɗe, sai an matse su da bakin allura, kuma ba a yin wannan sai an sauke wutar kafasito.

Manyan bawul, 6L6GC, EL34, EL84 ko 6V6, sun fi ƙanana saurin gajiya. Musanya gurbinsu ka gani ko jan filet ko walƙiyar ta bi bawul ko ta tsaya a soket. Kada ka zare ɗaya ka bar ɗaya a amf irin Vox AC30 ko AC15, inda suke tarayya a rizisto guda na katod, wato ɓangaren bawul da hita ke dumamawa. Wanda ya rage zai ja wuta fiye da ƙarfinsa.

Kafin ka buɗe ciki

A cikin amf mai bawul akwai wutar DC bolt 300 zuwa 500, manyan kafasito kuma na iya riƙe ta bayan an zare fulogi. Tana kisa. Wanda bai saba aiki da mita a kan wuta mai ƙarfi ba, nan ne iyakarsa, kuma ba abin kunya ba ne. Ya kai wa mai gyara tare da bayanin duk abin da ya gano, zai rage masa kuɗin aiki da na canje-canjen lalube. A nemi wanda ya taɓa aikin bawul, ko tsohon mai gyaran rediyo da talabijin na da.

Ga mai ci gaba, ga yadda ake sauke wutar. Zare fulogi daga bango. Bar makunnin Standby a matsayin kiɗa, don duk kafasito su kasance a haɗe. Haɗa rizisto 100k mai wat 5 da wayoyi biyu masu kilif mai rufin roba. Maƙala ɗaya a ƙarfen amf tukuna, sannan ɗayan a ƙafar + ta babban kafasito na farko, da hannu ɗaya. Jira minti guda, ka auna a ma'aunin DC mafi girma, sai ta sauka ƙasa da bolt 10. Bar kilif ɗin a maƙale muddin kana aiki, domin kafasito kan sake tara 'yar wuta da kansa, kuma ka tuna cire shi kafin kunnawa. Haɗa ƙafafun kafasito da sukudireba kai tsaye yana lalata shi, yana kuma watso tartsatsi a ido. Duk awon da za a yi amf na kunne, baƙar wayar mita a maƙale take a ƙarfe, hannu ɗaya ke aiki, ɗayan na aljihu, takalmin roba a ƙafa, ba zobe ba agogo, kuma da wani a ɗakin.

Cikin amf

Nemi taswirar amf ɗinka a intanet da sunansa da lambarsa. Fara da ido da hanci: rizisto da ya yi baƙi ko ya tsage, allon da aka dasa kayan a kai, wato fanel, idan ya canja launi, kafasito da ya kumbura ko ya yi tsatsafa, warin ƙuna. Kyamarar waya da tocila sun isa su nuna maka dalmar da ta tsage, siririn zobe ne kewaye da ƙafa. Wuraren da aka fi samunsa su ne ƙafafun soket, jak da bolum da aka dasa a kan fanel, da manyan rizisto masu zafi. Fender Hot Rod Deluxe sananne ne da wannan, a jak ɗin shiga da kuma rizisto biyu na om 470 masu wat 5 da ke gasa fanel a ƙarƙashinsu. Amf da aka ƙera bayan 2006, lokacin da Turai ta hana dalma mai gubar darma a kayan lantarki, haɗinsu kan yi dishi-dishi ko da lafiya suke, don haka tsaga za ka nema, ba rashin sheƙi ba. Tsotse tsohuwar dalmar ka sa sabuwa mai 60/40 da ƙaro a cikinta. Ruwan asid na masu gyaran lagireto ba ya kusantar fanel.

Idan ido bai nuna komai ba, jona lasifika, kunna, ka koma ga tsinkenka. Bi matakin da ka riga ka gano, kana ƙwanƙwasa kowane rizisto da kafasito, kana tura kowace waya. Wanda ya amsa, duba dalmarsa kafin ka zarge shi.

Rizistan filet shi ne na gaba a jerin zargi. A 12AX7 yana haɗe da ƙafa ta 1 da ta 6, yawanci 100k mai rabin wat, wani lokaci 220k. Bolt ɗari ko fiye ke kansa duk tsawon rayuwarsa. Tsofaffin masu ruwan ƙasa, na garin gawayi, suna shan danshi suna kuma ƙara ƙima da shekaru. Abin lura shi ne mita na iya nuna 100k cif alhali shi ne mai ƙarar. Auna wutar filet amf na kunne, za ka samu tsakanin bolt 150 da 250, katod kuma bolt 1 zuwa 2 a ƙafa ta 3 da ta 8. Idan lambar filet na tsalle daidai da ƙas-ƙas, kuma an riga an gwada wani bawul, canja rizistan da mai wat 1 na fatar ƙarfe. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, ka canja biyun lokaci guda.

Daga filet sauti na wucewa ta ƙaramin kafasito, 0.022 ko 0.047 ko 0.1 maikurofarad, mai jure bolt 400 ko 630. Aikinsa ya bar sauti ya wuce ya tare DC. Idan ya fara yoyo, DC na isa bolum, sai ka ji ƙar-ƙar duk lokacin da aka murɗa, a wanke sau goma ba ta daina ba. Auna DC a ƙafarsa ta wancan gefe: sifili ake so, ko abin da bai kai a ambata ba. Don tabbatarwa, ɗaga wannan ƙafar daga fanel ka auna ta ita kaɗai. Idan bolum ɗin jita ne ke ƙar-ƙar a wannan amf kaɗai, bawul na ɗaya ne ke yoyo ta girid, wato ƙafar da sauti ke shiga, canja shi. Ɗan ƙaramin kafasiton Treble, irin 250 fikofarad a Fender, shi ma yakan yi ƙas-ƙas don wuta mai ƙarfi na kansa.

Damina na da nata, musamman Yuli zuwa Satumba. Tsofaffin Fender masu baƙin allon fiba suna shan danshi har allon kansa ya fara ɗaukar wuta. Ɗora bakin mita a kan allon, kusa da rizistan filet ba tare da taɓa ƙarfe ba. Idan ka ga DC, shi ne. A busar da shi da na'urar busar da gashi a zafi kaɗan, a goge da isopropyl. A sababbin amf ma, ƙurar da ta kwanta a fanel tun hunturu takan jiƙa ta zama hanyar wuta, don haka a share ta da burushi mai laushi kafin ruwa ya sauka. Amf da ke ajiye a ɗakin da ba ya shan iska, a riƙa kunna shi awa guda kowane mako.

Ga ƙarar da sai da zafi take zuwa, jira ta fara, sannan ka fesa iskar sanyaya kayan lantarki a kan abu ɗaya-ɗaya. Wanda sanyi ya sa ta tsaya ko ta ƙaru, shi ne.

Sashen ƙarfi

Idan ƙarar ta tsaya bayan an zare mai rabawa, fara da rizistan sikirin, wanda ke ƙafa ta 4 a soket mai ƙafa takwas: om 470 a Fender masu 6L6, 1k mai wat 5 a Marshall masu EL34. Zafin bawul na gasa shi, kuma duk ranar da bawul ya yi gajeren haɗi shi ke fara ƙonewa. A sauke wuta a auna. Wanda ya tsage ko ya kauce da fiye da kashi 10, a canja.

Duba soket ɗin sama da ƙasa, tsakanin ƙafa ta 2 da ta 3. Ta 3 filet ce mai ɗaruruwan bolt, ta 2 hita ce da ke kusa da ƙasa, tazararsu kuma kaɗan. Da wuta ta tsallaka sau ɗaya takan bar baƙin layi, layin nan gawayi ne, kuma shi zai ci gaba da jan ta. Kankarewa ba ta ɗorewa, a sa sabon soket na tangaran. A kuma tambayi abin da ya jawo: yawanci an taɓa kunnawa ba lasifika, ko wayarta na katsewa.

Ƙafa ta 5 ita ce girid. A amf mai tsayayyen bayas, wato saitin yawan wutar da bawul ke ja idan ba a kaɗawa, dole a samu wuta mai alamar ragi a nan, wajen bolt 35 zuwa 55 gwargwadon bawul, kuma ta tsaya cak. Idan tana rawa, duba ɗan bolum ɗin bayas da kafasitonsa, wanda ƙafarsa ta + ce ke zuwa ƙasa, saɓanin sauran. Idan a soket ɗaya ta fi ɗayan ƙanƙanta sosai, kafasiton da ke kawo masa sauti na yoyo, kuma shi ke sa filet ja.

Manyan kafasito da suka shekara 15 zuwa 20 sun isa canji ko ba su kumbura ba, zafin Maris da Afrilu kuma ba ya raga musu. A sa masu ƙima ɗaya, masu jure wuta daidai ko fiye. Fis da ya ƙone a mayar da irinsa cif, har da harafin T idan akwai; naɗa masa waya shi ne hanyar ƙone taransifoma. Taransifomar fita ita ce ta ƙarshe a zargi, don ta fi tsada kuma ta fi wuyar lalacewa. Mita ba ta nuna tartsatsin cikinta, sai an gwada da wata.

Idan an canja manyan bawul, a sayi waɗanda aka auna suka dace da juna, a kuma saita bayas. Ƙa'idar da aka saba ita ce kada a wuce kashi 70 na ƙarfin filet. EL34 wat 25 ne, a bolt 450 iyakarsa miliamf 39 ke nan. 6L6GC wat 30 ne, iyakarsa wajen 46, da yawa kuma kan tsaya a 40. Rizisto mai om 1 tsakanin ƙafa ta 8 da ƙasa na sauƙaƙa awon, kowane milibolt a kansa miliamf ɗaya ne. Auna wutar bango a lokacin, domin saitin da aka yi wuta na 200 zai yi zafi da yawa ranar da ta zo 240.

Abu ɗaya ake canjawa a gwada kafin a taɓa na biyu. Kunnawar farko bayan gyara a yi ta ta cikin kwan fitila mai zare, wat 100, a jere da wayar wuta: ya yi haske ya dushe, lafiya, ya tsaya da haske sosai, akwai gajeren haɗi, a kashe. Daga nan a cire kwan, a mayar da amf cikin akwatinsa, a bar shi a kunne awa biyu, a kaɗa da ƙarfi, a ɗan bubbuga saman akwatin da tafin hannu. Bayan kiɗa a ba shi minti goma ya huce kafin a ɗora shi a Keke Napep, a kan soso ko bargo, domin bawul mai zafi bai jure gargadar hanya.